Wa ya rubuta ajandar?

Kusan shekara biyu ke nan da wani mitin da muka yi a wurin aiki, har yau abin bai bar raina ba. Kuɗi sun yi ƙaranci, shugabanni suka ce dole a rage kashewa, kuma don kada a ce an yi mana kama-karya sai aka kafa kwamiti aka saka ni a ciki. Ranar zaman aka raba mana takarda shafi ɗaya, a jiki an rubuta hanyoyi uku: ko a rage alawus ɗin ƙananan ma'aikata, ko a sallami masu aikin wucin gadi, ko kuma a taɓa kowanne kaɗan-kaɗan. Wallahi mun fi awa uku muna muhawara, kowa ya yi magana ba wanda aka katse, har da ɗaga murya da ba da haƙuri, a ƙarshe muka kaɗa ƙuri'a muka zaɓi ta ukun, muka tashi muna jin mun sauke nauyi. Sai da na koma gida na kwanta sannan tambayar ta faɗo min, to wai ina maganar motocin manya da tafiye-tafiyensu da kwangilar gyaran ofis ɗin nan da kowa ya san ta fi duk abin da muke ta ja-in-ja a kansa tsada? Ba fa wanda ya hana mu tayar da ita. Kawai dai ba ta cikin takardar, mu kuma duk yawanmu ba wanda idonsa ya fita daga kan takardar.

Abin ya ci min rai sosai, don mutanen da aka zaftare wa alawus na san su ɗaya bayan ɗaya, na san yadda suke lallaɓa wata kafin ya ƙare, kuma da hannuna na ɗaga aka ƙirga. Da na ba wani abokina da ke koyar da kimiyyar siyasa labarin sai ya ce min abin nan da ya same ku ai masana sun fi shekara sittin suna faɗa a kansa, ya turo min abubuwan karantawa. Tun daga lokacin nake karatun nan a hankali, da daddare da ranakun hutu, shi ne yau na ce bari in zauna in rubuta abin da na fahimta da kuma inda nake ganin masu wannan fanni suna yin tuntuɓe.

Su dai masu wannan nau'in nazari ana ce musu masu tarke, kalmar da 'yan adabi suka saba da ita, wato ba su tsayawa a kan yadda abu yake aiki, sai sun bi diddigin yadda aka yi ya zama haka da kuma wanda yake amfana da zamansa haka. Masanin falsafa ɗan Jamus Max Horkheimer ne ya fito da bambancinsu da sauran masu nazari fili a wata maƙala a 1937, sannan a 1981 Robert Cox ya sake faɗarsa ta hanyar da ta fi shiga kaina: akwai nazarin da ke karɓar tsarin da ya tarar ya nemi yadda zai gyara masa 'yan matsaloli ya ci gaba da tafiya, akwai kuma wanda ke ja da baya ya tambayi shi kansa tsarin daga ina ya fito. Kwamitinmu na farkon ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Faɗan da abokina ke magana a kai a Amurka ya fara. A 1956 C. Wright Mills ya rubuta cewa wasu 'yan tsiraru ne ke juya ƙasar, manyan sojoji da shugabannin manyan kamfanoni da na siyasa. Wani farfesa a jami'ar Yale, Robert Dahl, ya ce to a kawo hujja mana, zargi ai ba ilimi ba ne. A 1957 ya ba da ma'anar iko wadda har yau da ita ake fara koya wa ɗalibai: wane yana da iko a kan wane idan zai iya sa shi ya yi abin da da an bar shi ba zai yi ba. Ma'anar tana da sauƙi kuma ana iya auna ta, ya kuwa je ya auna ɗin a garin New Haven inda jami'ar take, ya bi shawarwarin da aka yanke a kan sabunta gine-ginen gari da makarantun gwamnati da tsayar da 'yan takara, yana duba wa ya kawo shawara, wa ya ja, ta wa aka bi. Littafin ya fito a 1961, abin da ya gano shi ne ba wani rukuni ɗaya da ke cin nasara a ko'ina, wanda ke da baki a harkar makarantu ba shi ke da baki a harkar gine-gine ba, saboda haka iko a warwatse yake. Da Dahl zai zauna a mitin ɗinmu yana rubutawa da ya ba mu maki mai kyau, don an yi muhawara, an yi zaɓe, rinjaye ya yi halinsa.

Shekara ɗaya bayan nan, 1962, Peter Bachrach da Morton Baratz suka ce masa malam fuska ɗaya ka gani, iko yana da ta biyu. Wanda ya isa ya hana magana zuwa faifai tun farko ya fi wanda ya ci muhawara ƙarfi, don shi ba ya ma buƙatar ya yi muhawarar. Ranar da na karanta wannan na ajiye wayar na yi shiru, takardar nan mai shafi ɗaya kawai nake gani.

Amma fa akwai matsala babba a nan, kuma ita ce ta sa nake girmama masu yin aikin da gaske. Ta yaya za ka yi nazarin abin da bai faru ba? Shawarar da aka yanke tana da rana da sa hannu, wadda ba a taɓa kawowa ba kuwa ba ta bar sawu ba, kowa ma yana iya tashi ya ce ai an danne kaza ne alhali wataƙila ba wanda ya damu da kazan. Wanda na ga ya amsa wannan da aiki shi ne Matthew Crenson a 1971. Ya ɗauki garuruwa biyu maƙwabtan juna a jihar Indiana, Gary da East Chicago, dukkansu garuruwan masana'antar ƙarfe ne, hayaƙi iri ɗaya suke shaƙa, jama'arsu ma kusan iri ɗaya. East Chicago ta yi dokar hana gurɓata iska a 1949, Gary kuwa sai 1962. Me ya jawo tazarar shekara 13? A East Chicago kamfanoni ne da yawa ba wanda ya mamaye, Gary kuma kamfani ɗaya ne ya gina ta tun 1906, wato US Steel, sunan garin ma na shugaban kamfanin ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Crenson bai samu kamfanin yana yawo yana razana 'yan majalisar gari ba, yawancin lokaci ma gefe ya koma ya yi shiru, su 'yan siyasar ne da kansu suke lissafin me zai biyo baya in suka taɓo maganar hayaƙi, sai su bar ta. Sunan kamfanin kaɗai ya yi masa aikin. Wanda ya tsara takardarmu ma na tabbata ba wanda ya kira shi ya ce kada ka sa maganar motoci, shi da kansa ya san inda ba a takawa. Darasin da na ɗauka daga Crenson na hanyar aiki ne: in kana so ka nuna an toshe wata magana a nan, nemo wuri mai kama da nan inda ba a toshe ta ba, ka jera su.

Sai Steven Lukes ya zo a 1974 da ɗan ƙaramin littafi ya ce akwai ta uku, kuma ita ce mafi zurfi. A fuska ta biyu mutane suna da ƙorafi an hana shi fitowa ne, a ta uku kuwa ƙorafin ma bai samu ya tsiro a zukatansu ba, domin an riga an tsara musu abin da suke ɗauka a matsayin mai yiwuwa da wanda ba ya yiwuwa. Asalin wannan tunani yana komawa ga Antonio Gramsci, ɗan kwaminis ɗin Italiya da gwamnatin Mussolini ta kama a 1926, ya rasu a 1937 bayan ya cika littattafan rubutu sama da 30 a tsare. Tambayar da ta dame shi ita ce me ya sa ma'aikata da yawa suke goyon bayan tsarin da ke matse su, amsarsa kuma ita ce mulki ba ya daɗewa da bulala kaɗai, sai ya samu ya shiga makaranta da jarida da hirar yau da kullum har ra'ayin masu mulki ya koma abin da kowa ke cewa ai haka duniya take. Lokacin da Margaret Thatcher take maimaita cewa babu wata hanya sai wannan a kan manufofinta na tattalin arziki a Birtaniya, irin wannan aikin take yi, kuma ta ci nasara sosai tunda har jam'iyyar adawa da ta karɓi mulki a 1997 ta riƙe da yawa daga cikin abin da ta gina. Ko ka ɗauki wani misalin da ya fi kusa da kowa: alƙaluman da ake auna arzikin ƙasa da su ba sa ƙirga rainon yara da jinyar tsofaffi da aikin gida in ba biya aka yi ba, kuma rahoton ƙungiyar ƙwadago ta duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na irin wannan aikin. Shekara da shekaru ana tsara kasafi a kan lissafin da ya ɗauki wannan wahala a matsayin ba aiki ba, sai da masu nazarin mata irin su Marilyn Waring suka yi ta bugun ƙofa kafin a fara ko da tattauna shi.

To a nan ne ni kuma na fara samun damuwa, kuma har yanzu ban gama warware ta ba. In ka ce an shiga kan mutane har ba su san maslaharsu ba, kai wa ya gaya maka maslahar tasu? Kai da ke zaune a jami'a ta yaya ka tsira daga abin da ya kama kowa? Akwai raini a cikin maganar in ba a yi hattara ba, kuma tana iya zama maganar da ba a iya ƙaryata ta, in mutane sun yi bore ka ce ga shi na faɗa, in sun yi shiru ka ce ai shirun ma hujjata ce. Shi ya sa na ji daɗin James Scott. Mutumin nan ya je ya zauna kusan shekara biyu a wani ƙauyen manoma a jihar Kedah ta Maleshiya a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da injinan girbi suke ƙwace wa talakawan ƙauyen aikin ƙodago, littafinsa ya fito a 1985. Abin da ya gani shi ne talakawan nan ba wanda ya rufe musu ido, sun san wa ke cutarsu sarai, a gaban mai gona suna gaisuwa da ladabi, a bayan idonsa suna da sunan da suke kiransa da shi, suna jan ƙafa a wurin aiki, suna ɗan tsakurar amfanin gona, wani lokaci a wayi gari an cusa wa injin abin da zai lalata shi kuma ba wanda ya ga kowa. Ba su yi bore a fili ba ne don sun yi lissafi sun ga bore zai ci su. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Ni a ganina Scott ya fi Lukes kusa da gaskiya a yawancin lokuta, duk da ba zan ce fuska ta uku babu ita ba tunda ni ganau ne, awa uku na yi ina muhawara da zuciya ɗaya ban ga abin da ke gabana ba. Amma bayan mitin ɗin na gano cewa masu shara da direbobi tun ranar da aka kafa kwamitin suke maganar motocin a tsakaninsu, mu da muke cikin ɗakin ne ba mu gani ba, su kuma ba wanda ya tambaye su.

Ɓangaren da ya fi shafar zamanin nan shi ne na kalmar nan da ta cika rahotanni, shugabanci nagari. Ba wanda zai ce ba ya son shugabanci nagari, ni ma ina so, sai dai kalmar tana da tarihi. Ta yi ƙarfi ne bayan rahoton Bankin Duniya na 1989 a kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wanda ya ce tushen matsalar yankin rikicin gudanar da mulki ne, kuma ta zo wa bankin daidai domin ƙa'idojinsa sun hana shi tsoma baki a siyasar ƙasashe, amma in aka kira abin gudanarwa sai ya zama harkar ƙwararru. Masu tarke suka ce a lura da abin da ke faruwa in aka canza wa magana suna haka: tambayar wa zai samu wa zai rasa, wadda ta siyasa ce kuma kowane ɗan ƙasa yana da bakin magana a kai, sai ta rikiɗe ta koma tambayar wane tsari ne ya fi inganci, wadda sai mai digiri ne zai amsa.

Aikin James Ferguson a kan Lesotho, wanda ya fito a 1990, shi ne ya fi nuna min wannan ƙarara kuma zan ɗan daɗe a kansa. Wani rahoton Bankin Duniya na 1975 ya kwatanta Lesotho a matsayin ƙasar manoman gargajiya da ci gaban zamani bai taɓa ba, masu noman abin da za su ci kawai, a ware daga kasuwa. Alhali tun ƙarni na 19 mutanen ƙasar suke sayar da hatsi ga Afirka ta Kudu, daga baya da aka ƙwace musu mafi kyawun ƙasar noma suka koma tura mazajensu aikin haƙar ma'adinai a can, kuɗin da ake aikowa daga ramukan haƙar nan su ne ke riƙe da gidaje. Masu rubuta rahoton ba jahilai ba ne, Ferguson ya ce abin da ya faru shi ne hukumar raya ƙasa ba ta da abin da za ta iya yi a kan wariyar launin fata ko albashin ma'aikatan ma'adinai ko ƙasar da aka ƙwace, abin da take da shi a jaka shi ne hanya da bashi da dabarun kiwo, saboda haka dole a zana ƙasar ta yadda za ta dace da maganin da ke hannu. Aka kawo babban shiri a yankin Thaba-Tseka da kuɗin Kanada don a mayar da makiyaya 'yan kasuwar shanu, mutane suka ƙi sayar da shanunsu ko da fari ya zo, jami'ai suna ta cewa al'ada ce ta hana su, alhali shanun nan su ne fanshon mutumin da ya san wata rana ramin haƙa zai tofar da shi ba shi da komai. Shirin ya gaza a kusan duk abin da ya ce zai yi. Amma da ya tashi ya bar hanyar mota da ta haɗa yankin da babban birni, ya bar ofisoshin gwamnati da caji ofis da gidan yari a yankin da ake ganin 'yan adawa suna da ƙarfi. Hannun gwamnati ya isa inda da bai isa ba, kuma duk abin ya faru ba tare da an taɓa kiransa siyasa ba. Ferguson bai ce makirci aka ƙulla ba fa, wannan yana da muhimmanci, ya ce ne a daina tambayar me ya sa shirin ya gaza kawai, a tambayi me ya yi a lokacin da yake gazawar.

Lambobi ma haka suke. Daga 2003 Bankin Duniya ya riƙa fitar da rahoton da ke jera ƙasashe bisa sauƙin yin kasuwanci, har ya kai ƙasa 190, gwamnatoci suna kafa kwamitoci musamman don su hau sama a jerin. A shekarun farko ɗaya daga cikin ma'aunan yana ba ƙasa maki ne in sallamar ma'aikaci tana da sauƙi a cikinta, sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta ƙorafi aka cire shi daga lissafin. A watan Satumba na 2021 aka dakatar da rahoton gaba ɗaya bayan bincike ya nuna an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe, ciki har da China a rahoton 2018. Mutane sun fi riƙe maganar maguɗin, ni kuwa abin da ya fi tsaya min shi ne ko da ba a taɓa lamba ɗaya ba, wani ne ya zauna ya zaɓi abin da za a auna, kuma dokokin ƙasashe sun canza saboda zaɓin nasa ba tare da wani mai ƙuri'a ya san sunansa ba.

Michel Foucault, masanin falsafa ɗan Faransa, kam ba zan ce na gama fahimtarsa ba, rubutunsa yana da nauyi, amma abu ɗaya na riƙe. A littafinsa na 1975 ya ɗauko zanen gidan yarin da Jeremy Bentham ya yi a ƙarshen ƙarni na 18, hasumiya a tsakiya ɗakuna a kewaye, fursuna ba ya iya sanin ko ana kallonsa ko ba a kallonsa, saboda haka sai ya koma yana gadin kansa. Foucault ya ce a daina neman iko a fadar shugaban ƙasa kaɗai, a duba fom da rajista da jarrabawa da fayil, a nan ne ake rarraba mutane a ce wannan daidai yake wancan abin zargi ne. Ya rasu a 1984 bai ga abin da ya faru a Holan ba, inda hukumar haraji ta yi amfani da manhajar kwamfuta wajen tantance waɗanda ake zargi da damfarar tallafin kula da yara, kuma rashin zama ɗan ƙasa yana cikin abubuwan da ke ɗaga wa mutum makin zargi. Iyalai sama da 20,000 aka zarga bisa kuskure aka ce su mayar da kuɗin da ba su da shi, gidaje suka shiga bashi, aure ya mutu, har gwamnatin firaminista Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairun 2021, daga baya hukumar kare bayanan ƙasar ta ci hukumar harajin tarar Yuro miliyan 2.75. Iyayen nan shekaru suka yi suna kuka ba su san wa za su kama ba, ma'aikacin da ke gabansu yana cewa tsari ne ya fitar da sunanka.

Yanzu bari in faɗi inda masu tarke suke ɓata min rai, don ina son fannin ne shi ya sa abin ke damuna. Da yawa daga rubuce-rubucen da na ci karo da su marubucin ya riga ya san amsa kafin ya fita bincike, kowace ƙasa ya je kowace hukuma ya duba abu ɗaya zai gano, sai ya lulluɓe shi da manyan kalmomin da ko abokan aikinsa sai sun karanta sau uku, mutanen da yake cewa yana kare wa haƙƙi kuwa ba za su taɓa iya karantawa ba. Ga kuma haɗarin da Bruno Latour ya yi gargaɗi a kai a 2004, cewa makaman tarke sun faɗa hannun masu musun sauyin yanayi da masu yaɗa labaran makirci, su ma yanzu cewa suke wa ke amfana, wa ya biya kuɗin binciken. Kullum ina ganin haka a intanet, mutum ya ji an ce ilimi yana da alaƙa da iko shikenan ya yanke cewa duk abin da likita ko masani ya faɗa ƙarya ne. Abin da ya raba Crenson da Scott da Ferguson da irin waɗannan shi ne wahalar da suka sha, ɗaya ya jera gari biyu yana bin takardun majalisa, ɗaya ya koyi yaren mutane ya zauna da su, ɗaya ya bi rahoto layi-layi yana gwada shi da tarihin ƙasar, kuma dukkansu sun rubuta abin da wani zai iya zuwa ya duba ya ce kun yi kuskure a nan.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa lissafi na masu karɓar tsarin da suka tarar ne tarke kuma na masu dogon turanci. A 2014 Martin Gilens da Benjamin Page suka tattara batutuwa 1,779 da aka tambayi ra'ayin Amurkawa a kansu tsakanin 1981 da 2002, suka duba wanne ya zama doka wanne bai zama ba, suka samu cewa in aka ware tasirin masu kuɗi da ƙungiyoyin matsin lamba, ra'ayin matsakaicin ɗan ƙasa kusan ba ya motsa komai. Wasu masanan suka sake duba alƙaluman suka ce a yi hankali, a mafi yawan batutuwan masu kuɗi da matsakaita ra'ayinsu ɗaya ne, saboda haka matsakaitan ma suna samun abin da suke so sau da yawa. Muhawara ce mai kyau kuma irin wadda nake so ke nan, kowa ya baje hujjarsa a faifai. Sai dai ni da na karanta ɓangarorin biyu abin da ya zo min shi ne batutuwa 1,779 ɗin nan ma ai waɗanda masu binciken ra'ayi suka ga sun isa a tambaya ne, wanda ba a taɓa sa shi a takardar tambaya ba ba ya cikin lissafin kowa.

A wurin aikinmu an sake kiran kwamitin bara. Wannan karon tun kafin a zauna na tambayi sakatare wa ke tsara ajanda, ya ce shi ne yake rubutawa shugaba ya duba, na ce ina so a sa maganar motoci da tafiye-tafiye, ya ce ba damuwa. Ranar zaman na duba sai na gan ta a can ƙasa ƙarƙashin sauran batutuwa, kafin a iso wurin mutane sun fara tattara jakunkuna, aka ce a bar ta sai zama na gaba. Kafin zama na gaban na je na samu direbobi biyu da wata mai shara na ji ta bakinsu, na nemi alƙaluman kashe kuɗi na shekara uku a rubuce, mu huɗu muka sa hannu a wasiƙa muka ce a sa batun a lamba ta biyu. An sa, an yi muhawara mai zafi wadda ta fi ta farko, aka kaɗa ƙuri'a muka sha kaye da ƙaramar tazara, alawus ɗin bai dawo ba har yau. Yanzu ina bin bayanan zaman kwamitocin baya ɗaya bayan ɗaya ina rubuta duk batun da aka ɗage zuwa zama na gaba, in ga nawa ne daga ciki suka sake dawowa, na kai shekara ta biyu a cikin shekara ukun da nake dubawa.